Yaya Lawal, Ashe Ka Kira Ni

Asabar. Aikin farko: kwance oba-obar jirgi, kai ta Batsari wurin Malam Isiya.

Zuwa ga yayana, Malam Lawal mai jirgi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ƙane ke yi wa yayansa, ina fatan Allah ya sa kana cikin rahamarsa. Ni ne Sale. Na san wannan takarda ba za ta iso gare ka ba. Na rubuta ta a fili ne don mutanenmu na Safana su karanta, saboda akwai maganar da na ɓata a bainar jama'a, kuma a bainar jama'a ya kamata in gyara ta.

Wata goma sha ɗaya ke nan da ruwan dam ɗinmu ya ɗauke ka. Tun daga lokacin jirginka yana kife a gaɓa. Bana ruwa ya sake cika, hanyar babur ta zagaye ta yanke, mutanen ƙetare sun yi ta aiko mini cewa in tayar da shi kafin kasuwar Alhamis. Na gyara inji, na toshe inda yake yoyo. Sai oba-obar nan taka da ke girke kusa da wurin zamanka, wadda kake magana da ni ta cikinta ina gaɓa riƙe da 'yar ƙaramar ta hannu. Na kunna ta, ta ƙi. Na ce ruwan ranar ne ya shige ta, bari in nemo sabuwa.

Ka san Malam Isiya, wanda ya yi shekaru yana gyaran oba-obar jirage a Yawuri kafin ya dawo gida. Ya ce in kawo tsohuwar da duk abin da ke haɗe da ita, don ya san irin wadda za ta maye gurbinta. Na kai masa ita da eriyarta da wayar da ta haɗa su.

Yaya, bai ma buɗe akwatin ba tukuna. Wayar ya ɗauka, ya juya ta, ya dube ni, ya tambayi wanda ya sa ta.

Na san amsar, amma sai da na dawo gida na buɗe littafina, ko Allah zai sa in tarar ba haka ba ne. Kai ne mai yi mini dariya a kan littafin nan, kana cewa ko atishawa Sale ya yi sai ya rubuta ƙarfe nawa. To ga shi da rubutun hannuna, bara kafin saukar damina: «Ɓera ya ci wayar eriya. Na canza ta da wayar lantarki mai kauri. Mun gwada, tana aiki.»

Na tuna ranar. Na tsaya a shago na zaɓi wadda ta fi kowace kauri, irin ta jan wutar gida, don a tunanina kauri shi ne ƙarfi. Na naɗe mahaɗin da kyau, na shafa masa man giris saboda ruwa. Ka duba ka ce aikin Sale ba ya buƙatar a duba. Har na ji daɗi.

A can Batsari, Malam Isiya ya yi mini bayani a hankali, kamar mai yi wa mara lafiya magana. Wayar eriya daban take, tana da raga a ciki mai tsare murya har ta kai sama. Idan aka sa ta lantarki, na'urar za ta riƙa jin na waje, amma tata muryar ba za ta yi nisa ba. Ƙarfin da ya kamata ya fita sai ya koma ciki yana ƙona ta. Da ya buɗe, ya nuna mini wurin da ya yi baƙi ƙirin. Ya ce ba ruwa ba ne ya yi wannan. Ya ce wani ne ya danna maɓallin magana ya riƙe, ya sake dannawa, ya yi ta yi har ta ƙone.

Na zauna a kan bencinsa, ban san lokacin da na zauna ba.

Kullum da safe muna gwada ta, Yaya. Ko sau ɗaya ba mu taɓa fashi ba. Kai kana cikin jirgi, ni ina tsaye a kan dutsen nan na wanki, tsakaninmu bai fi taku goma ba. Ka ce, «Sale, kana ji na?» In ce ina ji. A wannan tazara ko ba na'ura ai zan ji ka. Kuma ba ka magana a tsakiyar ruwa, kana cewa oba-oba ba ta hira ba ce, a bar mata batirinta don ranar wuya. Idan ka sauka a ƙetare, sai ka hau tudu inda sabis ke kamawa ka kira ni a waya. Ta haka muka yi makonni muna ɗaukar mutane da abin da ba ya kai murya ko'ina, mu biyu muna da tabbacin mun yi hattara.

Ranar da hadarin ya taso bayan la'asar, ina gaɓa. Jirgin masunta mai inji yana ɗaure kusa da ni, da mai a cikinsa. Na kira ka sau da yawa, ba abin da ke dawowa sai shuuu. Na ce wa kaina ka riga ka sauka, kana fakewa. Ashe injinka ya mutu a tsakiya, iska tana juya ku. Ashe ka ɗaura igiya a ƙugu ka faɗa ruwa, ka kai ta ga busasshen itacen nan da ke tsaye a cikin dam, ka ɗaure jirgin. Duk wanda ke ciki ya tsira. Kai ne ba ka dawo ba.

Inna Hajjo mai nono, ta rugar bayan Zakka, ita ce ke zaune kusa da kai, sauran duk sun sunkuya sun rufe kawunansu. A zaman makoki ta ce ta ji muryata tana fitowa daga akwatin, kuma kana amsawa, kana ta kiran sunana. Ni kuwa, a gaban mutane, na ce mata tsoro ne ya sa ta ji haka, ni ke riƙe da ɗayar, ba abin da ya shigo. Tsohuwar ta dube ni, ta ɗauki ƙwaryarta.

Daga bakina maganar ta fita, Yaya. Aka ce Lawal bai nemi taimako ba, ƙarfin halinsa ne ya ja masa. An faɗa a majalisa, an faɗa a tashar babura, har ta kai kunnen maiɗakinka, Yaya Binta, ta ce da ma ta san ba ka iya cewa a taimake ka. Wata goma sha ɗaya ina jin ana faɗa, ina gyaɗa kai.

To ku da kuke karantawa, ku ji. Lawal ya kira. Ya kira har na'urar ta ƙone a hannunsa. Yana jin ƙanensa na tambayar ko lafiya, yana amsawa, ƙanen bai ji ba, saboda wayar da ƙanen ya sa da hannunsa.

Na san ajali idan ya zo ba mai tare shi, malamai sun faɗa mini, na kuma yarda. Amma ajali daban, abin da na ce a kanka daban.

Maganar sabuwar kuma, ga inda na tsaya. Malam Isiya ya nuna mini kala uku a hoto. Akwai babba mai maɓallai da yawa, har da wani jan maɓalli wanda in an danna yake aika kiran ceto da kansa. Zuciyata ta so ta nan take. Ya ce wannan ta teku ce, inda ake da masu sauraro dare da rana, a dam ɗinmu ba wanda zai amsa sai wanda ke tsaye a gaɓa. Akwai wata tsohuwa da aka ciro daga wani jirgi, ban san abin da ta sha ba, na ƙi ta. Na zaɓi ta ukun: ƙarama, ruwa ba ya shigarta, muryarta na fin ƙarar inji, maɓallanta kaɗan ne yadda ko fasinja zai iya kira. Za ta zo da eriyarta da wayarta guda, ba haɗi. Za a kafa eriyar a kan sanda mai tsawo, don ya ce tsawon ya fi ƙarfin na'urar muhimmanci.

Na roƙe shi ya zo ya girka da kansa. Ni ba zan taɓa ba. Ban sani ba ko zaɓin nan ma daidai ne, na daina yarda da abin da nake gani daidai. Abin da na sani shi ne, ba wanda zai hau jirgin nan ranar Alhamis sai an ji muryata a gaɓa daga gindin itacen nan. Idan ba a ji ba, kasuwa ta ci ba mu.

Yayana, kai ka koya mini iyo, kana riƙe da cikina a bakin ruwa kana cewa kada in ji tsoro, kana nan. Ka yafe mini.

Allah ya jiƙanka, ya sa ruwan nan ya zama shahada a gare ka, ya haskaka makwancinka, ya raya abin da ka bari. Ya sa mutanen da ka ɗaure wa jirgi su zama shaidarka ranar gobe. Amin.

Ƙanenka da bai ji ba,
Sale

Ayyukan gobe, in Allah ya kai mu:
- Sare gora mai tsawo don eriya.
- Kiran Malam Isiya a tabbatar zai zo girkawa ranar Talata.
- Zuwa rugar Inna Hajjo, in ce mata ita ce ta yi gaskiya.
- Gidan Yaya Binta. Ban san ta inda zan fara ba.
- Neman wanda zai tsaya a gaɓa ranar gwaji, wanda in ya ji shiru zai kunna inji ya taho.