Sun Sake Tsayar da Baba

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Na rubuto ne don na san ke da waya sai "me kika ce?"

Jikin Baba ba yadda ake faɗa a rediyo yake ba. Tun da ya faɗi a banɗaki hannun dama ya daina aiki, ga mantuwa. Jiya da sunan marigayiya Mama ya kira ni. Amma duk ranar zaman majalisar dattawa, Yaya Babba da sakataren Baba sai su shirya shi tsaf, su shigar da shi ta ƙofar baya kafin 'yan jarida su iso. In an zo ƙuri'a, sanatan da ke gefensa ya taɓa shi, shi kuma ya ɗaga hannun hagu.

Yanzu wai jam'iyya za ta sake tsayar da shi. Na tuna wa Yaya cewa likita ya hana. Ya ce, "Auta, ba ki san siyasa ba. In Baba ya sauka, mutanenmu ina za su?"

Ke kika raine shi, maganarki kaɗai yake ji. Don Allah ki zo.

Taki,
Auta

Auta 'yar albarka,

Ina amsawa, ya mai jiki? Ai na zo ranar Talata, aka ce yayanki ya tura ki wani gari karɓo magani. Ko shi ya zaɓi ranar, oho.

Na tarar da babanki, Dogo, a falon sama, an kunna masa talabijin ba sauti. Yana ganina ya ce, "Yaya, kin zo tafiya da ni gida?" Na ce ƙwarai, tashi. Wallahi ya fara laluben takalminsa da ƙafa. Sai ga sakataren nan da mai hoto. "Ranka ya daɗe, murmushi kaɗan." Ya kuwa yi musu murmushin. Ni aka riƙo min hannu cikin ladabi har bakin mota, ana ta yi min sannu.

Mutumin da ya bar koyarwa ya yi gwamna har wa'adi biyu, ya gina asibitin da aka haife ki, yana kan mulki ina ja masa kunne yana dariya, yau shi ake goge wa baki. Na zazzage wa yayanki duk abin da ke cikina. Ya durƙusa yana "to Gwaggo, to Gwaggo", idonsa na kan agogo.

Da ina da ƙafa da goya shi zan yi. Ba ni da ita. Ki riƙa zama kusa da shi.

Allah ya yi miki albarka,
Gwaggonki

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Na je wurin shugaban jam'iyya. Ya ba ni kujera, ya yabi Baba har da share ido, sannan ya ce ba mai iya janye shi sai shi da bakinsa.

Shekaranjiya da safe hankalinsa ya dawo sosai. Ina yanke masa farce na ce, "Baba, kana son takarar nan?"

Ya ce, "Na gaji, Auta." Can ya ce, "Su me suka ce?"

"Sun ce ka tsaya."

"To."

Na roƙe shi ya maimaita ta farkon a gaban Yaya. Kafin Yaya ya gama waya ya hawo, Baba ya koma tambayata ko an tashi 'yan makaranta. Hotunan da suka manna a titi ma na lokacin gwamnatinsa ne, na ranar Talata bai yi musu ba.

Ki huta lafiya,
Auta

Gwaggo,

Gaisuwa. Kin dai ji, ya ci. Harabar gida ta cika, motoci har bakin titi. Yana zaune a jikin taga ya tambaye ni hayaniyar mece ce. Na ce sanata aka zaɓa.

Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, "Allah sarki. Allah ya taya shi riƙo."

Na ce amin.

Taki,
Auta