Ni Kaɗai Na Ji Muryar Aljaninta, Kuma Ƙarya Nake

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da duk masu karantawa. Don Allah a ɓoye sunana. Na san za ku zage ni, amma ku bari sai kun kai ƙarshe, don shawara nake nema kafin ranar Juma'a.

Shekarata goma sha shida, ina ajin brebe, wato ajin jarrabawar gama ƙaramar sakandare, a wata lakwal (makarantar boko) a Ƙonni. Akwai ɗiyar ƙanen babana, zan kira ta Zuwaira, da aka kawo gidanmu daga Bazaga don ta yi karatu. Ɗakinmu ɗaya, tabarmarmu ɗaya. Yarinyar da ta zo da kayanta a buhun shinkafa, ko kunna fanka ba ta iya ba, ita ce cikin shekara biyu ta zama ta ɗaya a aji, ni ina ta tara. Duk ranar da aka ba da sakamako sai Baba ya ɗaga takardarta a tsakar gida ya ce, "Ki duba ɗiyar ƙauye, ke mi ya hana ki?" Da bai faɗa a gabanta ba, da sauƙi. Sannan ga Nasiru, ɗan ajinmu da na shekara ina sa turaren Inna saboda shi. Ranar da ya tsayar da ni a bakin ƙofar lakwal na ɗauka ni yake so, ashe wasiƙa zai ba ni in kai wa Zuwaira. Na kai. Amma sai da na karanta.

A watan zafi 'yan mata suka fara faɗuwa a lakwal, ana cewa aljanun tsamiyar bayan aji ne. Wata Litinin Zuwaira tana azumin nafila saboda jarrabawa, muna tsaye mu biyu a rana, sai ta sulale ƙasa. Na san yunwa ce da zafi, ni na ga ko sahur ba ta yi ba. Aka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo, aka ɗora mu a kabu-kabu zuwa gida. Inna ta tare ni a zaure ta ce, "Kina wurin, mi kinka gani?" Wallahi ban shirya ba, bakina ne kawai ya buɗe. Na ce kafin ta faɗi ta yi magana da muryar namiji, ta ce, "Matata ce, duk wanda ya raɓe ta sai na kashe shi." Har kwaikwayon muryar na yi. Inna ta dafe ƙirji, ni kuwa wani sanyi na ji a raina. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji.

Na ɗauka za a yi mata tofi kwana biyu, labari ya kai kunnen Nasiru, shi ke nan. Ban san yadda abin yake ba. Malamin da aka kira ya turara mata hayaƙi, ya riƙe ɗan yatsanta ya ce, "Kai wane ne?" Ta ce, "Malam, ni ce Zuwaira, azumi nike." Ya juya ya ce wa Baba, "Ka ji ko? Haka suke, maƙaryata ne." Ya ɗauko tsumagiya. Duk lokacin da ta rantse lafiyarta lau, sai a ce taurin kan aljanin ne, a ƙara mata. Wace magana za ta faɗa a yarda? Ina bakin ƙofa ina riƙe da butar ruwa, ta dube ni ta ce, "Yaya, gaya musu." Na sunkuyar da kai. A kwana na huɗu ta kumbura murya ta ce, "Zan hita, ku bari, zan hita." Inna ta yi hamdala, ta dafa kaina ta ce Allah ya yi mini albarka da na lura da wuri.

Baba ya ce ba zai riƙe amanar da ta fi ƙarfinsa ba, aka mai da ita Bazaga saura wata biyu brebe. To me na samu? Uwar Nasiru ta hana shi ko bin layinmu, yanzu wata 'yar aji huɗu yake rakawa gida, ni ko kallo ban ishe shi ba. A aji kuma daga ta tara na koma ta takwas, saboda mutum ɗaya ya ragu.

Makon jiya muka je Bazaga gaisuwa. Na same ta tana surfe, ta rame, yara suna leƙowa ta katanga suna kiranta matar iska. Ba wanda ke cin tuwo kwano ɗaya da ita. Na zaci za ta tofa mini yawu. Sai ta ja ni ɗaki, ta ɗauko littattafanta na lissafi ta ba ni, ta ce in ci jarrabawar saboda mu biyu. Ta ce, "Da hwarko na ɗauka ƙarya kinka yi mani, Allah ya yahe min zato. Yanzu ni ma ina jin shi. In na rufe ido yana kiran sunana." Ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, muryar tashi, irin wadda kinka ji ce? Mai kauri?" Na ce eh. Na sake cewa eh, jama'a.

Yanzu babanta ya samo wani malami a wajen Badagishiri, wanda ake cewa ba ya sakin mutum sai aljani ya faɗi sunansa, kuma an ce wata da aka kai masa ta yi wata guda ba ta iya kwanciya da baya ba. Ranar Juma'a za a kai ta. Malamin ya ce a zo da wadda ta fara jin muryar, ta maimaita masa abin da aljanin ya ce. Baba har ya saya mini sabon hijabi na tafiya, yana gaya wa maƙwabta ni ce na ceci 'yar uwata.

In na faɗi gaskiya, Baba zai iya kallona kuma? Kuma wa ya ce za a yarda, ba za a ce aljanin ne ya dawo kaina ba, a ɗauko mini tsumagiyar? In na yi shiru, ni zan tsaya a gabanta in sake kumbura murya, tana kallona tana gode mini. Me zan yi?