Eliakim Biyu a Gida Ɗaya

Harnfield, Nuwamba 1704

Zuwa ga mijina abin ƙaunata, Jotham,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya jikinka, yaya zaman sansanin soja? Ina fata tarin da ka tafi da shi ya sake ka. Mu nan lafiya lau, mun gode wa Ubangiji. Masara ta shiga rumbu, saniyar nan mai harbin mutane kuma an yanka ta an yi mata gishiri, ban zubar mata da hawaye ba.

Cikina ya tsufa. Iya Huldah ungozoma ta ce sai tsakiyar hunturu, kuma tun da ta faɗa gabana ke faɗuwa.

Ka san halin Babanka. Kowace safiya bayan addu'a sai ya jero mana asalinku, faten masara na hucewa a gabanmu. Eliakim na farko da ya hayo teku daga Ingila, shi ya haifi Eliakim, wato shi Baba, wanda ya yi yaƙi ya samo tabo a kafaɗa, ya sare dajin nan, ya zama dikon na cocinmu. Shi kuma ya haifi yayanka Eliakim da ya mutu bai bar baya ba. Daga nan sai ya dubi cikina. Jiya cewa ya yi, "'Yata, ki ci da kyau, Eliakim na jin yunwa."

Jotham, 'ya'ya biyu na haifa maka, dukansu an sa musu sunan nan, dukansu suna kwance a bayan coci. Na san al'ada ce, in yaro ya rasu ƙaninsa ya ɗauki sunansa, gidan uwata ma haka aka yi. Amma ni idan na bi ta maƙabarta na ga sunan a jere, sai in kawar da kai in wuce da sauri. Kuma ka tuna dukansu a sanyi aka kai su baftisma Lahadin farko, suka dawo da numfashi yana ƙara.

Ka rubuto wa Baba, ko kai zai ji maganarka. Ga safa na saƙa maka, ɗaya ta fi ɗaya tsawo, kada ka kuskura ka yi dariya.

Taka har abada,
Mehitabel

Harnfield, Janairu 1705

Mijina Jotham,

Ina gaishe ka da kewa. Yaya ƙarfin jiki? Allah ya tsare ka da abokan zamanka.

Na sauka ranar Alhamis, namiji. Yana da hancinka, Allah ya ba shi haƙuri. Yana kama nono sosai, amma ɗan mitsitsi ne, da hannu ɗaya Iya Huldah take ɗaga shi.

Takardarka ba ta zo ba, dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Gobe Lahadi. Ruwan tulu ya daskare a cikin ɗaki, kusa da murhu, to balle na coci inda ba a hura wuta. Lahadin da ta wuce gurasar Jibin Ubangiji ma daskarewa ta yi, an ce da ana gutsura ta har ƙara take a faranti. Cikin wannan sanyi za a fitar da jaririn kwana uku, a fasa ƙanƙarar kwano a zuba masa a ka.

Na roƙi Baba. Na ajiye kunya na kama hannunsa, na ce a jira rana ta ɗan yi ƙarfi, in kuma ba za a jira ba, a sauya suna, ko Jotham ne, ko wane ne. Ya ce, "Ni ne dikon. Da bakina na tsawata wa masu jinkirta baftisma, yanzu kuma a ga jikana ne a ɓoye? In ya tafi ba a sa masa ruwa ba, me za ki ce wa Ubangiji?" Na ce, "Baba, in ya tafi saboda ruwan fa, me za ka ce mini?" Wallahi ban san lokacin da ta fito daga bakina ba. Sai ya fita faskaren itace, alhali itace ya cika rumfa.

Ni mai jego ba za a bar ni in bi su ba. Zan zauna a gado ina sauraron ƙarar ƙofa, yadda na yi sau biyu a baya. Tsoro nake ji, Jotham, tsoron da ko addu'a ba ta zama a bakina. Har na ji ba na son in ƙura wa yaron ido, kada in saba da fuskarsa.

Mai ɗaukar saƙo zai gwada hanya da takalmin tafiya kan dusar ƙanƙara, shi ya sa na gaggauta. Ka yi mana addu'a.

Matarka,
Mehitabel

Harnfield, Fabrairu 1705

Jotham nawa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karatu. Yaron yana raye. Sauran labarin ne mai nauyi.

Ran Lahadin nan Baba ya hana Iya Huldah ɗaukar jaririn, ko da yake aikinta ne. Ya kwance maɓallan rigarsa har fata, ya sa yaron a ƙirjinsa, ya tuɓe babbar rigarsa ta ulu ya naɗe shi ta gaba, bayansa ba komai sai 'yar shara. Iya Huldah ta ce, "Dikon, ka haukace? Ka ɗauka har yanzu kai sojan nan ne?" Ya ce, "Ke dai bi ni a baya da bakinki."

Ita ta ba ni labarin coci. Da ya fasa ƙanƙarar kwanon, sai ya ɗebi ruwan a tafin hannunsa ya riƙe, yana hura masa iskar baki, jama'a na jira, fasto na gyaran murya. Hannun ya yi shuɗi bai saki ba, sai da ruwan ya ɗan sassauta ya miƙa wa fasto. Aka tambayi suna, ya ɗaga murya ya ce Eliakim. Da na ji haka na juya fuskata bango na yi kuka, na ƙi yi masa magana.

Bayan kwana biyu zazzaɓi ya kwantar da shi, ƙirjinsa ya cushe. Na dafa masa ruwan tuffa da zuma, na kai masa fuska a murtuke. Ya karɓa ya ce, "Daina hararata, 'yata. Sauran biyun ina tsaye da ƙarfina aka wuce ni aka ɗauke su. Wannan karon in an zo neman Eliakim a gidan nan, ni ne kusa da ƙofa, ni zan amsa." Na ce ya daina irin wannan magana, ba ta dace da dikon ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Kwanakin da suka biyo baya ba na fatan su ga maƙiyina. Ina tsakar ɗaki in ji tari, sai in daskare da ludayi a hannu, ina rarrabe ko na tsoho ne ko na jariri.

Ranar Talata da hantsi Baba ya cika. Kafin nan ya sa na kawo masa yaron, ya jero masa kakanninsa tun daga Ingila, murya na yankewa, bai tsallake ko ɗaya ba, har 'ya'yanmu biyu ya lissafa. Ƙasa ta yi tauri, sai da maza suka hura wuta a kanta kafin su iya haƙa kabari. Ka yi haƙuri, Jotham, Allah ya ba ka dangana. Na yi masa kuka fiye da yadda na zata.

Mutane suna ta zuwa gaisuwa, suna cewa yaron ya yi ƙiba, ina amsawa da godiya. Amma hunturu bai ƙare ba, kuma yau da safe ya yi atishawa sau ɗaya, tun daga nan ban sauke shi daga jikina ba. Ka roƙi shugabanku ya sake ka ka dawo gida. Eliakim ɗaya ya rage mana, kuma babu kowa tsakaninsa da ƙofa.

Taka mai jiranka,
Mehitabel