Rumbunan da ke Wayar Habu

Laraba da dare, Birnin Kudu

A sanar da duniya: ƙanena Habu, magidanci da furfurarsa, ya ceci wani gari a wasan wayarsa. Jarumin nasa rumbunan talakawa yake ƙonawa don yunwa ta kori 'yan fashi.

"Yaya, ai niyyarsa mai kyau ce," in ji shi.

Niyya! Wai ɗan manomin Kiyako ne ke faɗin haka. Na karɓi wayar in nuna masa aikin mutumin kirki. Na ƙyale rumbunan, 'yan fashi suka ci garin. Na sake gwadawa, suka sake ci. Da Habu ya fita alwala, sai na cinna wa rumbunan wuta.

Jarumin dai azzalumi ne. Kuskurena shi ne da na ɗauka na fi shi.