Kalmomi Arba'in na Inna Zalia

Salaga, Muharram 1330

Zuwa ga Baffa Mahama a zangon Yendi, gaisuwa da girmamawa daga ɗanka Fuseini. Bayan haka, jikin Inna Zalia ya ƙi daɗi. Ka san tana yarinya aka kamo ta aka sayar a kasuwar nan, ko sunan garinsu ba ta sani ba. Yanzu burinta ta ji yarensu kafin ta cika. Kalmomi arba'in suka rage mata, irin su ruwa, wuta, uwa, gero. Ga su na rubuta. Kai ka zaga ƙasashe da fataucin goro, ka taimake ni. Allah ya ja kwana.

Yendi, Safar

Fuseini, na gaishe ka. Rubutunka sai ka ce kaza ta yi tono, amma na karanta. Na sami wake arba'in da ƙwarya. Duk baƙon da ya sauka zango sai in tambaye shi da Hausa, "Yaya kuke cewa ruwa?" Ba na faɗa masa kalmar uwarka, don mutum in ya ci goronka komai ka ce sai ya ce haka ne. In tasa ta zo daidai da tata, in jefa wake ɗaya. Mutumin Gonja wake uku, Dagomba ashirin, Moshi ashirin da huɗu, wani Bakusashe talatin da uku! Gobe zan nufi Bawku, ƙasar Kusasawa. Ka ce mata ta jira ni.

Bawku, Rabi'ul Awwal

Fuseini, gaisuwa. A kasuwa na tarar da wata tsohuwa, Awawu, daga wajen Tempane. Da ita wake talatin da tara na jefa, na arba'in ɗin ma ina zaton laifin rubutunka ne. Tun da uwarka ba ta iya tafiya, na roƙi 'ya'yan Awawu kwana shida har suka yarda ta biyo ayarin wani madugu, Iddi. Ka tarbe ta da kyau.

Salaga, Jimada Awwal

Baffa, gaisuwa. Ban san da wane baki zan gode maka ba. Awawu ta iso, Inna na da rai. Kwana uku ke nan suna kan tabarma ɗaya, ni kuwa ina bakin ƙofa, ban gane ko kalma goma ba. Shekara talatin ina ce mata mai shiru-shiru. Baffa, ashe uwata mai surutu ce.