Waken Inna Ya Ƙone a Rami

Zuwa ga Mai Girma Shugaban shirin tallafa wa manoma na yankinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Nasarawa Burkullu, kuma da baƙin ciki nake rubuto maka.

Na ɗaya. Farkon daminar bana malamin gonarku ya kawo takin zamani, ya tara mu a ƙofar masallaci, ya ce mu zuba shi rami ɗaya da iri. Mu kashin awaki muka gada, amma muka ce mai karatu ya fi mu sani.

Na biyu. Irin da na shuka ba na kasuwa ba ne. Jan wake ne mai nuna da wuri, wanda mahaifiyata Inna, Allah ya jiƙanta, ta zo da shi daga Gummi. Shi ke raba mu da yunwa kafin gero ya nuna. Tiya uku nake ajiye da shi a tulu cikin toka. Ta sha gaya mini ba a juye tulun iri duka. Ganin taki, kwaɗayi ya ja ni na juye. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Na uku. Bayan shuka yayyafi kawai aka yi, sai rana ta buɗe. Ɗan damshin ya narkar da takin, gishirinsa ya tsotse ruwan da ƙwayar za ta sha. Da na tona, wake ya kumbura, ɗan tsiron ya leƙo ya yi baƙi ƙirin. Maƙwabcina da rabon taki bai kai kansa ba, nasa ya tsira. Na bi malamin gonar har ofishinsu sau biyu, aka ce an canza masa wurin aiki.

Ranka ya daɗe, ba diyya nake nema ba. A yi shela a kasuwanni da rediyo cewa ba a haɗa taki da wake a rami. Sannan ma'aikatanku su tambayi tsofaffin mata a ƙauyukan Gummi da Anka ko akwai mai sauran wannan iri, ko cikin tafin hannu ne. Na je wurin dangin Inna, sun daɗe da komawa irin kasuwa.

Ƙannena mata uku sun aiko daga gidajen aurensu a ajiye musu rabonsu da kaka, kamar kowace shekara. Bakina ya kasa gaya musu. In an karanta wannan takarda a rediyo, a nan za su ji.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka daga asarar abin da ba ya sayuwa.

Wassalam.
Wani manomi daga ƙasar Bukkuyum