Kukan Almakashi

Jamus, 12 ga Nuwamba

Zuwa ga yayata Muzeyyen Abla,

Bayan gaisuwa mai yawa da sumbatar hannunki, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya. Yaya gwiwoyin? Yaya ruwan saman garinmu Rize, har yanzu bai gaji ba? Ki gaishe mini da ɗanki Tarik da iyalinsa. Ni lafiya lau, sai sanyi.

Kada ki yi mamaki da na rubuto maimakon in kira. A waya ba kya bari in kai ƙarshen magana, ni kuma da na ji muryarki sai in manta abin da zan ce.

Na yi miki alkawari zan ajiye aiki a watan Maris in dawo mu zauna tare, tunda Allah ya karɓi mazajenmu duka biyu. Ban janye ba. Amma wani abu ya faru da ya ɗaure mini kai.

Kin san shekara talatin da uku ke nan ina zaune a teburin ƙarshe a masana'antar Rieble. Duk almakashin tiyata da aka ƙera sai ya bi ta hannuna kafin ya shiga kwali. Tun da tsoho Rieble, mai masana'antar, ya gaji ya bar wa 'yarsa Annegret ragama, masu ba da shawara suke zarya. Bara suka ce albashinmu ya yi yawa, a kai aikin wata ƙasa mai nisa inda ladan mutum biyar bai kai na ɗayanmu ba. Aka aika musu zane, da ƙarfe irin namu, da inji irin namu. Kaya suka iso, na'ura ta auna ta ce babu bambanci. Muka fara kallon juna a wurin shan kofi kamar masu zaman makoki.

Wata biyu bayan an tura wa asibitoci, sai likitoci suka fara dawo da su. Ba su ce ya karye ba, ba su ce bai yanka ba. Cewa suka yi ba ya bin hannu.

Ranar Talata Annegret ta zo teburina da injiniya, ta zube almakashi goma, namu da nasu a gauraye.

Ta ce, "Frau Karaca, don Allah ware mini."

Na riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya ina rufewa a gefen kunnena, kamar yadda na saba. Bakwai nan, uku can. Ko ɗaya ban kuskure ba.

"Yaya kika yi?"

Na ce, "Namu kuka suke yi, nasu kuwa tari."

Injiniya ya yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ja kujera ta zauna kusa da ni, abin da ubanta bai taɓa yi ba, ta ce an fasa kai aikin waje, amma idan na tafi a Maris kunnena zai tafi tare da ni. In zauna shekara biyu in koya wa wasu.

Abla, ni fa? Ni da ba ni da takardar shaidar sana'a, ni da har yau idan na yi Jamusanci a kanti mai sayarwa ke ɗaga murya kamar tana magana da kurma? Waltraud, wadda muke teburi ɗaya tun kafin ta yi furfura, ta zungure ni ta ce, "Kin ji, Baturkiya? Ashe ke ce kamfanin. Da na sani da tuni na bar miki kujerar da ba ta girgiɗi."

Har yanzu ban yanke shawara ba. Ban ma san mene ne na sani ba, balle in koyar da shi. Ki yi mini addu'a, kuma kada ki yi fushi tukuna.

Ƙanwarki mai kewarki,
Feride

Jamus, 20 ga Fabrairu

Abla mai daraja,

Ina gaishe ki, ina yi miki ya jiki. Takardarki ta iso, na karanta sau uku. Kin ce Jamusawa sun ci ƙuruciyata yanzu kuma suna neman ƙashin. Wataƙila gaskiyarki ce. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne inda kika ce kin daina hawa bene saboda ba mai riƙe ki. Na ce wa Annegret shekara ɗaya, ba biyu ba. Ki yafe mini.

Mutum biyu aka ba ni. Ghassan, Balarabe ne maƙerin zinariya daga garin Homs, ya haura hamsin, yaƙi ya cinye shagonsa. Sai Tsega, 'yar Eritiriya mai 'ya'ya uku, wadda ta yi shekara huɗu tana share wannan ɗakin kafin wani ya lura da hannunta.

Koyarwar ba ta tafiya. Na ce su saurara, su ce me za su saurara? Ghassan yana da yatsu masu kyau, amma gaggawa ta yi masa yawa, kuma yana jin kunyar mace ta gyara masa. Tsega ba ta magana sam. Sai ta riƙe almakashi ɗaya tun safe tana buɗewa tana rufewa, har in rasa ko tana koyo ne ko tunanin gida take yi.

Ran nan Ghassan ya shigo ƙarfe bakwai da minti shida. Ban san lokacin da na nuna masa agogon bango ba, na ce, "A nan bakwai bakwai ce."

Ya dube ni, ya ajiye jakarsa a hankali, ya ce, "To, Hajiya Bajamushiya. Gobe in zo da takardar neman gafara mai hatimi?"

Waltraud ta yi dariya har tana share hawaye. Ni kuwa na sauke hannuna. Wannan maganar, da wannan yatsan da ke nuna agogo, su aka yi mini a makona na farko, na shiga banɗaki na yi kuka. Yaushe suka zama nawa? A titinmu har yau ni ce Baturkiyar gida mai lamba tara. A wurin Ghassan ni Bajamushiya ce. Ke kuma kullum kina cewa shayina ya koma ruwan wanki irin nasu.

Tarik ya sa kin tambaye ni yadda mutanen nan ke biyan albashi mai tsada, su tashi aiki ƙarfe huɗu, su yi hutun mako shida, amma duniya na layi a ƙofarsu. Ki ce masa innarsa ta yi ta tunani ba ta samu amsa guda ba. Na tambayi Waltraud, ta ce, "Don ba mu iya komai ba sai wannan." Na tambayi injiniya, ya kawo mini zancen makarantun koyon sana'a. Ni abin da na gani shi ne, idan bakin almakashi ya ƙi zama, nakan tsallaka titi wurin Egon mai wasa ƙarfe, wanda kakansa ya yi wa kakan Annegret aiki, kafin azahar an gyara. Ghassan kuma ya ce mutanen can da aka kai wa aikin ba su fi mu rashin basira ba, ya san irinsu, shi ma irinsu ne. Albashin ne ba ya riƙe mutum, duk shekara sabon hannu ne a kan injin. Ya ce, "Ku nan an biya ku har kun tsufa a kujera ɗaya. Tsufanku suke sayarwa."

To idan haka ne, Abla, wa ke riƙe da ƙasar? A ɗakinmu mu goma sha huɗu ne, huɗu kawai aka haifa a nan. 'Ya'yan Waltraud duk sun tafi birni aikin ofis. Amma ranar Asabar na ga takardun 'yan siyasa a bakin kasuwa suna cewa baƙi sun yi yawa. Na tsaya da kwandona ina karantawa, na rasa ko da ni suke.

Ki riƙa shafa man da na aiko, safe da yamma.

Taki har kullum,
Feride

Jamus, 3 ga Oktoba

Yayata Muzeyyen,

Sallama da gaisuwa irin ta kewa. Ina fatan an gama tsinkar ganyen shayi lafiya, kuma jikin da sauƙi. Na daɗe ban rubuto ba, don abin da zan faɗa ya yi mini nauyi.

A ƙarshen Agusta, wata safiya, na saurari wani almakashi na ajiye shi cikin masu kyau. Tsega tana gefena. Ta miƙa hannu ta ɗauke shi, ta rufe a kunnenta sau biyu, ta mayar da shi cikin na gyara. Ba ta dube ni ba. Na ɗauko na sake saurara, ban ji komai ba. Na kai wa Egon, ya duba a gilashinsa ya ce, "Wa ya kama wannan? Kunnensa ya yi kyau."

Bayan kwana biyu aka sake. Sai na je wurin likita. Ya ce ƙananan sautuka masu kaifi sun fara ɓace mini a kunnen dama, shekaru ne da ƙarar inji, ba abin da za a yi.

Na tare Tsega a wurin rataye riguna na ce, "Tun yaushe?"

Ta sunkuyar da kai. "Tun Yuni, Mama."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

"Ke kika koya mini. Da wane baki?"

Wata uku ke nan tana bin bayana tana kwashe kuskurena, Ghassan kuma yana tare mata idan injiniya ya shigo. Na rasa ko in rungume ta ko in mare ta. Na zauna a benci na ce, "Yaya kike ji? Faɗa mini, don ni ban taɓa iya faɗa ba." Ta ce ita ba kuka take ji ba, kamar numfashin yaro ne mai barci, idan da ciwo sai ya sarƙe. Ashe ba abin da na koya mata ba ne ta koya. Zama kawai ta yi kusa da ni har nata ya zo.

Washegari na shiga ofishin Annegret na gaya mata komai. Na ce teburin ƙarshe na Tsega ne, a ba ta albashinsa cikakke, a kuma tura ta ta yi jarrabawar da ni ban yi ba. Ta yarda. Ta ce in zauna duk da haka har shekarar ta cika. Na ce a'a, akwai mai jirana.

Jumma'ar da ta wuce suka yi mini walima. Waltraud ta toya kek, ta rantse ba ta sa giya a ciki ba, sannan ta fashe da kuka ta ce, "Wa zan riƙa zagi yanzu?" Ghassan ya ƙera mini ɗan kunne da hannunsa. Tsoho Rieble ma an kawo shi a keken guragu, ya riƙe hannuna ya kira ni da sunan wata Bagirkiya da ta bar aiki shekara ashirin da suka wuce. Ban gyara masa ba.

Jiya na je ofishin gari in sanar da su zan tashi. Ma'aikaciyar ta ce, "Gida za ki koma ke nan?" Abla, ina ne gidan? Na yi shekara ashirin da biyar a wurinku, talatin da huɗu a nan. Ta jira, ta jira, sannan ta buga hatiminta. Da na fito na zauna a bakin kogi har ƙafafuna suka yi sanyi, ina ta kallon hayaƙin masana'anta, ina jin haushin an ci gaba da aiki, ina kuma jin daɗi.

Jirgina zai sauka Trabzon ranar ashirin da ɗaya ga wata, ƙarfe biyu da rabi na rana. Tarik ya zo da babbar motar, akwatuna biyar ne. Ki sa a sauko da gadonki ƙasa, mu kwana ɗaki ɗaya. Idan za ki yi mini faɗa ki zauna ta hagu, can ne nake ji.

Abu ɗaya nake roƙo, Abla. Idan maƙwabta suka tambaya, kada ki ce Feride ta dawo. Ki ce dai ta zo. Sauran ki bar ni in gano a hankali.

Ina sumbatar hannunki da idanunki.

Ƙanwarki,
Feride